Wayata ta hana ni sayar da wake

Jama'a, yau waya ta yi mini abin da fari ba su yi ba!

Wasu matasan Maradi sun buɗe shafin intanet na cinikin wake. Wayar maƙwabcina Idi ta buɗe shi nan take. Tawa, da na saya shekarar korona, ta ƙi!

Na kira su. Wata ta ce, "Baba, mu uku ne kacal, ba mu iya bin tsofaffin wayoyi."

Kafin la'asar mota ta kwashe waken Idi. Wallahi nawa ya fi nasa! Astagfirullah, na kasa yi masa barka.

Sai ga shi: "Malam, wa ya yi ta rubuta mini wasiƙun ajami? Kwance buhu in ɗauki hoto in sa maka a shafin da wayata."

Na kwance. Barkar dai sai gobe.