Zanen da Na Liƙa a Allon Sanarwa

A shekarar da aka fara ɗibar samari zuwa soja, ina koyar da lissafi a wata sakandare ta kwana a yankin Funtuwa. Shekarata ta biyu ke nan a aiki, aka ba ni aji uku. Kowane hutu sai mun rasa yara. A tafi da aji cike, a dawo ka ga benci biyu ko uku babu kowa. Ba mai aiko da takarda. In ka tambayi 'yan garinsu sai su ce, "Ai Malam, ya zauna gida."

Jarida takan zo mana ta jirgin ƙasa, bayan ta yi kwanaki a hanya. Wata rana na buɗe na ga zanen barkwanci a kan yaran da ke barin makaranta. An zana yaro ya jefar da littafinsa a kwata, ya saɓa fartanya yana gudu zuwa gona yana dariya, an yi masa dogayen kunnuwa irin na jaki. A bayansa ga malami cikin kwat yana ɗaga masa hannu. Muka yi ta dariya a ofishin malamai. Ni kuwa gani na yi na samu magani. Na sa reza na yanke shi na liƙa a allon sanarwa, a zatona duk mai niyyar gudu zai ji kunya ya fasa.

Akwai wani ɗalibina daga wata unguwar Maguzawa kusa da Gozaki. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa duk kanta. Shi kaɗai nakan ba aikin 'yan aji huɗu ya yi ba gargada. Sai dai bai taɓa dawowa daga hutu a kan lokaci ba, sai an gama girbin gero. Wannan zangon ma ya makara da mako biyu. Kafin ya iso wani ya rubuta sunansa da fensir a ƙarƙashin mai kunnen jakin. Na ga rubutun da idona. Na ce bari in samo abin gogewa, aka buga ƙararrawa, na shiga aji na manta.

Daga nan in ya shiga ɗakin cin abinci sai a fara kukan jaki daga bayan layi. Bai taɓa kai ƙara ba. Na cire zanen, na yi wa mutum biyu bulala, abin bai daina ba. Da dawa ta nuna ya nemi izinin kwana biyu. Bai dawo ba.

Wata Lahadi na hau mota zuwa Malumfashi, na ari keke na ƙarasa. Na tarar da mahaifinsa zaune a gindin rumbu, ƙafarsa ta kumbura suntum, kurkunu ya fito an naɗe shi a tsinke. Ya sa aka kawo mini ruwa.

Ya ce, "Malam, sannu da hanya. Ɗaukarsa ka zo yi?"

Na ce, "Baba, saura masa shekara biyu. Yaron nan in ya gama zai iya zama injiniya."

Ya ce, "Ban musa ba. A cikin shekara biyun me za mu ci? Dubi ƙafata. Wansa ya shiga soja, ko wasiƙa ba mu gani ba. Saura 'yan mata biyu da uwarsu. In za ka tafi da shi, ka bar mini wanda zai shigar da dawar nan rumbu."

Na zo da maganganu da yawa da na shirya a kan keke. Na bar su, na ce ina son ganin yaron.

Aka kira yaron daga gona. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar muna bakin aji. Da zan tafi ya karɓi keken ya turo mini har bakin hanya. A nan na ce masa ya yafe mini maganar zanen.

Ya ce, "Malam, ba shi ya kore ni ba. Ko babu shi zan taho."

Muka ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Amma wanda ya zana bai taɓa noma ba. Ƙotar fartanyar a miƙe take, ba a noma da irinta. Kuma ya sa yaron yana dariya. Ni ban san wanda ya bar makaranta yana dariya ba."

Na ciro littafin lissafin da na zo masa da shi. Ya juya shi a hannu, ya buɗe shafi ɗaya, ya mayar mini. Ya ce gara za ta cinye shi a ɗakinsu, in ba wani.

Da na koma na rubuta wa shugaban makaranta takarda, na roƙa a nemi izinin matsar da hutu ya dace da girbi. Ya ce ya tura gaba. Na tambaya sau biyu, na uku ya ce in kula da ajina. Kafin jarrabawa wani yaron Tsiga ya tafi, bayan hutu kuma wasu yara biyu daga Mahuta suka bi shi. Jaridu suka ci gaba da zuwa da zanensu. Wani an yi yaro yana barci a ƙarƙashin bishiya, wani yana sayar da sigari a tashar mota. Ban taɓa ganin wanda aka zana uba da ƙafa a kumbure ba.

Da damina ta zagayo na ji mahaifin ɗalibin nan nawa ya rasu, wan kuma har lokacin shiru. Gidan ya koma hannun yaron yana da shekara goma sha bakwai. Na yi niyyar zuwa ta'aziyya, ruwa ya cinye hanya. Kafin ta bushe takardar canjin wurin aiki ta same ni, na tattara kayana na tafi.