Kawu da Bijimin Unguwar Shanu

Jiya jikana ya shafa man kaɗanya, sai ƙanshin ya tuna mini da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Shi yake shafawa kafin ya fito fili ya murɗa damatsa, jama'a na ta tafi. Gab da samun mulkin kai, duk Kaduna babu wanda ya taɓa kayar da shi a gasar ƙirar jiki. In an yabe shi sai ya ce, "Damtsen da bai tsare kowa ba, ai nama ne kawai."

Wata safiya ina goye da 'yata a wani lungu na Unguwar Shanu, sai wani bijimi ya tsinke igiya ya yo kaina. Dama bango, hagu bango. Kawu ya faɗo daga zaurensa ya cafke ƙahonin. Ina jin hucin bijimin, ina ganin dugadugan Kawu na karce ƙasa, bijimin na turo shi baya.

"Ladi, kar ki ruga," ya ce yana cije haƙora. "Bi jikin bango a hankali."

"Kawu, jini!"

"Na gani. Wuce!"

Na wuce. Bai saki ba sai da mahauta suka iso da igiya. Ƙaho ya yaga masa damtsen dama, bai ƙara shiga gasa ba. Yarinyar da na goya ranar, ita ta yi jinyarsa a ciwon ajali.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sada mu a Aljanna.