Yis a Jinin Mai Rediyo

A shekarun da masaƙar da nake aiki ta fara tura mu hutun dole, wai babu auduga, babu kayan gyaran injuna, ina haya ne a wani gida a Trikania. Ban yi aure ba tukuna. Ɗakin da ke jikin nawa na wani mutumin Filato ne, mai gyaran rediyo da agogo, shi da matarsa da 'ya'yansu mata biyu. Ya girme ni sosai, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi kuma Malam yake ce mini, don kawai ya ga ina karanta jarida. 'Yan unguwa kuwa Mai Rediyo suka san shi da shi.

Teburinsa yana ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin hanya. Mutum ne mai ƙaramin jiki da dogayen yatsu, ba ya son hayaniya. In ya maƙala gilashin nan na masu agogo a ido ɗaya, ko gaishe shi ka yi sai ya gama ɗaure abin da yake ɗaurewa zai amsa. Ranar Lahadi ba ya taɓa aiki, ko wa ya zo. Da azumi kuwa matarsa ce ke dama mini kunu, don ta ce ba ta yarda da abin da gwauro ke sha ba. Madam nake ce mata. Tana sayar da doya da manja a kasuwa.

Ciwon ya fara masa da zazzaɓi da ciwon ciki. Ya sha maganin kemis, ya ci gaba da zama a rumfa, har ranar da cikin ya ƙame kamar katako, muka ɗauke shi a tasi zuwa asibiti. Aka ce taifod ne, ya huda hanji. Aka yi masa aiki. Ɗinkin ya buɗe daga ciki, aka sake yi. Ɗakin maza ba a barin mace ta daɗe, ga yara, ga kasuwa, ni kuma ba ni da aikin yi. Haka na zama mai jinyarsa ba tare da wani ya ce in zama ba.

Ya daɗe ba ya cin komai ta baki. Ƙarin ruwa ne kawai da allurai, wani maganin ya ƙare a kawo wanda ya fi shi ƙarfi. Jijiyoyin hannunsa duk suka ɓuya, sai da aka tsaga kusa da idon sawu aka zura roba, aka bar ta a nan. Ga kuma robar fitsari. Na koyi juya shi, na koyi goge masa baya, na koyi gane lokacin da kwalbar ruwa ta kusa ƙarewa in kira nas.

Sai kuma ya fara samun sauƙi. Wurin ɗinkin ya daina fitar da ruwa. Aka ce a gwada ba shi shayi, ya sha, ya zauna. Ranar da ya sha kunu cokali kaɗan, Madam ta rufe fuska da gefen zaninta ta yi ta kuka, mutanen cocinsu suka zo suka yi waƙa a hankali a bakin gado. Har ya fara yi mini faɗa.

"Malam, ka leƙa rumfata kuwa? In ruwa ya shiga akwatin nan, kayan mutane ne a ciki."

Na ce na mayar da akwatin ɗaki tun tuni. Ya ce to, amma kada in taɓa komai.

Muna maganar sallama zazzaɓi ya dawo. Aka ce na sauro ne, aka ba shi magani, bai sauka ba. Aka canza allura, bai sauka ba. Da safe jikinsa ya yi sanyi mu ce an rabu, kafin la'asar ya koma kamar garwashi. Na lura harshensa ya yi fari, kamar an shafa kindirmo, har cikin kumatu. In na goge da auduga sai wurin ya yi ja ya ɗan yi jini. Nas ta ce masu daɗewa a kan magani suna yin haka, ta shafa masa wani ruwa shuɗi.

Wata rana yana kwance ya riƙa kaɗa hannu a gaban fuskarsa.

"Kore mini ƙudajen nan, Malam."

Na duba, babu ƙuda ko ɗaya. Na ce, "Yaya, ina suke?"

Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Sannan ya ce, "A ciki suke. Na dama."

Likitan da ke duba ɗakin matashi ne, dogo, kullum da alamar bai ƙoshi da barci ba. Da na gaya masa maganar ƙudaje bai yi dariya ba. Ya ɗauko wata 'yar fitila ya leƙa cikin idon ya daɗe, ya leƙa ɗayan. Ya sa aka ɗebi jini a kwalba aka aika Zariya, ya kuma cire robar ƙafar nan da hannunsa a ranar.

Da sakamako ya dawo, ya kira mu baranda, ni da Madam. Hausarsa ba ta da yawa, yana haɗawa da Turanci, amma ya yi ƙoƙari. Ya ce abin da ya tsiro a jinin ba irin ƙwayoyin da suke ta kashewa ba ne. Yis ne.

Madam ta ce, "Yis na burodi, likita? Ai rabonsa da burodi tun kafin mu zo."

Ya ce ba shi ba ne, danginsa ne. Ya ce yana nan a jikin kowa, a baki da hanji da fata, ba ya cutar da mai lafiya. Amma in mutum ya daɗe a kwance, an yanka hanji, magunguna masu ƙarfi sun share sauran ƙwayoyin da ke tare masa hanya, ga roba a jijiya, sai ya samu ƙofa ya shiga jini. Daga jini kuma ya zauna inda ya ga dama. A wajen Yaya, ya riga ya isa ido.

"To wa ya yi kuskure?" in ji Madam.

Likitan ya kalli ƙasa. Ya ce ba don maganin da robar ba, da tun a aikin farko ya tafi. Abin da ya raya shi ne ya buɗe wa wannan hanya.

Akwai magani, in ji shi, amma guda ne wanda ya amince da shi, kuma babu shi a asibitin. Ya rubuta mini sunan. Na zaga kemis-kemis na cikin gari, wasu ma ba su taɓa jin sa ba. Daga ƙarshe wani dattijon cocinsu ya samo 'yan kwalabe daga Jos, a cikin kular sanyi mai ƙanƙara.

Ban taɓa ganin magani irin wannan ba, ban kuma so in sake gani ba. Rawaya ne, ana zuba shi cikin ruwan ƙari, a lulluɓe kwalbar da takarda don kada haske ya taɓa shi, a sake shi ɗigo-ɗigo kusan yini guda. Ba a daɗe da sa masa ba sai rawar sanyi ta kama shi. Haƙoransa suna haɗuwa, gadon ƙarfe yana kaɗawa har na gadon kusa ya tashi zaune. Na tara masa barguna, na kwanta a kan ƙafafunsa don in danne, duk da haka ina jin girgizar a ƙirjina. Ya yi amai har babu abin amarwa. Da ta lafa ya ce da ni cikin 'yar murya, "Gobe ma haka?"

Na ce likita ya ce jiki yana sabawa.

Jikinsa bai saba ba. In ya hango nas ta shigo da kwalba mai takarda sai ya juya fuska bango. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce in gaya musu ya gode, ya isa. Na ce ba zan faɗa ba. Na ce ya tuna 'yan matansa. Ya ce yana tuna su, shi ya sa ya kai yau. Amma ya miƙa hannu aka sa.

Zazzaɓin ya ɗan ja baya, wannan gaskiya ne. Idon dama kuwa ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya koma hazo. Sai fitsarinsa ya fara raguwa. Ni nake zubar da jakar, don haka ni na fara gani. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, mai zuwa dubiya ma sai ya ce ai ga shi ya fara ƙiba. Aka auna jini, likita ya sake kiran mu baranda. Ya ce maganin yana cin ƙoda. In an ci gaba ƙodar za ta tsaya, kuma ba su da injin da zai yi mata aiki. In an tsaya, yis ɗin bai gama mutuwa ba.

Na ce, "To likita, kai me ka gani?"

Ya ce zai dakata, ya ba ƙodar hutu, ya ba shi wata ƙwaya ta haɗiya wadda ba ta kai wancan ƙarfi ba. Na tambaye shi ko ƙwayar za ta yi. Ya ce bai sani ba. Na gode masa da bai yi mana ƙarya ba, ko da yake a lokacin na so ya yi.

A cikin haka ƙanin Yaya ya zo daga ƙauye, ya ce a ba shi ɗan'uwansa ya kai shi gida, asibiti ta gama abin da za ta iya. Madam ta ce babu inda za shi. Suka yi ta yi da yarensu a bakin gadon, ban ji ko kalma ba. Yaya ne ya raba su da Hausa. Ya ce ba ƙauye za shi ba, ba kuma zai ƙara kwana a nan ba, Trikania yake so. Likita bai hana ba.

Da muka dawo gida ya sa na fito masa da akwatin kayan aiki. Ya zauna a tabarma a ƙofar ɗaki inda rana ke faɗowa, ya jawo wata ƙaramar rediyo, ya kwance bayanta da lalube ba tare da ya yar da ko ƙusa ɗaya ba. Ya maƙala gilashinsa a idon hagu, ya kai fuska har hancinsa na taɓa wayoyin. Ya daɗe a haka. 'Yarsa ƙarama tana tsaye tana jiran ta ji rediyon ta yi magana. Sannan ya cire gilashin ya sa a aljihu, ya mayar da bayan rediyon ya ɗaure.

"Malam, za ka taimake ni ka mayar wa mutane kayansu."

Bai rubuta sunan kowa a jikin komai ba, a kansa suke. Sai ya shafa rediyo ya ce wannan ta mai shayin bakin tasha ce, ka ce masa batir ya zubo a ciki. Ya shafa agogo ya ce na wata malamar makaranta ne a Unguwar Sanusi, gida mai bishiyar gwaiba. Na ɗaura su a keke ina bi gida-gida. Kowa sai ya ce a bar shi a wajensa har ya warke, ba sauri ake ba. Ina cewa shi ya ce a kawo. Wasu sun gane, suka karɓa ba su ƙara tambaya ba.

Zazzaɓin ya dawo kafin in gama rabon. Wannan karon da ciwon baya da ruɗewa. Yana kiran Madam da sunan mahaifiyarsa, yana tambaya wa ya kashe fitila da rana tsaka. Muka mayar da shi asibiti. Akwai sauran kwalba biyu na maganin rawaya a firjin ɗakin, likita ya tambayi Madam ko a gwada. Ta dube ni. Na ce ni ba zan iya cewa ba. Ta ce a sa. Aka sa, bai ma yi rawar sanyin ba, jikin ba shi da ƙarfin yi. Washegari da hantsi ina goge masa baki da auduga na ga numfashin ya canza. Na kira nas, ta zo ta tsaya, ta riƙe wuyan hannunsa, ta jawo labule.

Ƙauyensu aka kai gawarsa. Na bi motar, na tsaya daga gefe har aka gama. Da muka dawo Madam ba ta iya riƙe ɗakin ba. Wani yayanta yana noma a Kakau, ya ce ta koma can da yaran. Wani ya sayi teburin rumfar ya fara sayar da sigari da ashana a kai.

Ranar da za su tashi ina taya ta ɗaure katifa, ta tsaya da igiya a hannu.

"Malam, kai ne kake wurin kullum. Ciwon ne ya kashe shi ko maganin? Na ƙarshen nan da na ce a sa."

Na ce likita ya ce ko an sa ko ba a sa ba, da wuya.

"Ba likita na tambaya ba."

Na ce, "Madam, ban sani ba."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini bakin igiyar na ja, ta ƙulle. A-kori-kurar da za ta kwashe su tana waje direba yana ta danna hon. Na ɗora babbar yarinyar a kan kaya, ƙaramar ta zauna a cinyar uwarta a gaba, suka tafi. Na je Kakau sau ɗaya bayan damina, aka ce yayan ya sayar da gonar sun ƙara gaba, ba wanda ya san ina.