Hajiya Kulu, Wadda Ta Hana Ni Ɗura

Ina cikin aji a Kankara, ranar Talata da hantsi, ƙanina ya kira ni daga Sabuwa. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Hajiya Kulu ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawan jini ne ya taso mata, aka sa ta a mota, ba su kai Funtuwa ba rai ya yi halinsa. Wanda ya san hanyarmu ba zai tambayi dalili ba. Mai lafiya ma in ya bi ta, da jinya yake sauka.

Maƙwabciyata ce shekarun da na koyar a Sabuwa. Mutuniyar Sheme ce, aure ya kawo ta. Ba ta yi boko ba, ni kuwa na yi, kuma ina ji da shi.

Na san ta sosai ne shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen ƙanina a bayan Damari, ya kawo mini ɗiyarsa Hafsatu, 'yar shekara uku. Yarinya ta daina cin abinci. Gashinta ya yi ja, wuyanta ya zama kamar sillen kara. A asibiti aka ba mu magani, aka ce a haɗa mata da ganye da gyaɗa da nono. Duk na karanta wannan a littattafai. Amma da na zo ba ta, abin da kakata ta yi shi na yi: na danne ta a cinya, na toshe mata hanci, na ɗura mata. Ta shaƙe, ta amayar. In ta ji motsina sai ta ɓuya bayan randa.

Rana ta uku Hajiya ta leƙo ta katanga.

"Malama, mi kike yankawa ne ba ki kira mu fiɗa ba?"

Na ce, "Hajiya, magani nake ba ta."

Ta ce, "Ke in an danne ki, ko zuma ce za ki sha? Kawo ta nan. Ke kuma zauna can ki yi shiru, in kin iya."

Ta tsinko ɗanyen zogale a bayan ɗakinta, ta wanke, ta tsoma a ruwan zafi ta tsame nan take. Ta daka shi da dabino da ayaba da soyayyar gyaɗa, ta dama da kindirmo, ta tace da rariya. Abu ya fito kore shar. Sai ta juya wa yarinyar baya, ta hau sha tana lashe baki. Jikokinta suka matso, ta kore su: "Wanga na manya ne!" Ranar ko ɗigo ba ta ba Hafsatu ba. Na koma gida ina huci, ina cewa yarinya na mutuwa tsohuwa na wasa.

Washegari ta sake damawa, ta sha rabi, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ja ni madafi wai mu duba tukunya. Da muka fito sai ta riƙe haɓa: "Wane ɓarawo ya sha mini abina?" Hafsatu na tsaye, leɓenta kore, ta fashe da dariya. Tun da aka kawo ta ban taɓa jin dariyarta ba.

Hajiya ta kan ce, "Yaro ba kore yake gudu ba, fuskar mai ba shi yake gudu." Ta kan kuma ce, "Abin da yaro ya sata ya fi wanda aka ɗura masa kama jiki." Kuma ba ta bari na fasa zuwa asibiti ko sau ɗaya ba.

A wurin gaisuwa na ga waɗanda suka riƙa kiranta Hajiya mai ciyawa suna zuba yabo. Su ne masu kai gyaɗarsu da nononsu kasuwa kakaf, su dawo wa 'ya'yansu da ruwan kala a leda. Na tuna da baƙin da suka zo da farar mota, suka ɗauki hoton turminta, suka ba ta injin markaɗe na lantarki a unguwar da ta manta kamannin wuta. Gishiri ta riƙa ajiyewa a ciki, ta ce murfinsa na da kyau.

Ranar sadakar uku na hango wata yarinyar mace ta kwantar da ɗanta a cinya, hannunta na kan hancinsa. Na miƙe zan sauke mata kwandon masifa, sai aka ja mayafina. Hafsatu ce, yanzu shekararta tara, kumatu kamar an hura.

Ta ce, "Gwaggo, ki zauna ki yi shiru, in kin iya."

Ta nufi bayan ɗakin Hajiya, wurin zogalen. Jim kaɗan na ji turmi.

Ya Allah, ka jiƙan Hajiya Kulu, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta. Yadda ta shayar da 'ya'yan mutane da lalama, ka shayar da ita daga Alkausara. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, ka raya abin da ta bari, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.