Na Ba Da Shaidar Watan Da Ba A Sama Yake Ba

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni dattijo ne yanzu, kuma ina so in sauke wani abu da ya daɗe a ƙirjina kafin a kira ni. A shekarun da ƙasar nan ke shirin karɓar mulkin kai, tun ana ce mata Gwalkwas, ni matashi ne mai gyaran agogo a Zangon Kumasi. Teburina yana bakin wani shagon tela, ina gyara agogo da tabarau da fitilar hannu. Allah ya ba ni hannu, wannan ba zan ɓoye ba, amma kaina ya fi hannun girma. In aka yaba mini da safe, har la'asar ina jin daɗin abin. Ina zaune gidan mahaifina, tsohon bafataken goro wanda ƙafa ta hana shi tafiya, mutumin da tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ko na rana ɗaya ba, har a kan hanyar fatauci.

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi, wani tsohon soja ya kawo mini madubin hangen nesa, ya ce in na iya gyara shi in riƙe, shi ya gaji da ajiyarsa. Ba wani abin kirki ba ne. Irin wanda Turawa ke saya wa 'ya'yansu ne su yi wasa, bututun gwangwani mai gaɓa uku, ya lotse a gefe, ga tsatsa. Gilashin gaba yana nan lafiya. Na wajen ido kuwa, ƙanana ne guda biyu da aka manne tun daga masana'anta, sun rabu, ɗaya yana ta karkaɗawa a ciki. Araha ba ta ado, amma ni da na riƙe shi sai na ji kamar an ba ni sarauta. Na kai bututun unguwar Suame wani makaniki ya buge lotsawar, na kankare tsatsar, na wanke gilasan. Abin da zan manne su da shi ne ban da shi. Sai na jiƙa ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada, na tace shi da ƙyalle, na ɗiga tsakaninsu na matse, na bar shi ya bushe. Da na ɗora a ido na ga kwanon rufin wani gida can nesa har da ƙusoshinsa, na ga hankaka a kan bishiya kamar in miƙa hannu in kama. A kan rufi da bishiyoyi kaɗai na gwada shi. Ban taɓa ɗaga shi na dubi sarari tsantsa ba, kuma nan ne kuskurena na farko.

Kafin azumi ya raba, duk unguwa ta san da madubin, domin ni da bakina na yi masa shela. Wanda ya san Kumasi ya san ganin wata a nan wahala ne, ga hadari ga dogayen itatuwa sun tare yamma. Shekara da shekaru ladanin masallacinmu ne ke jagorantar masu duba. Tsoho ne siriri mai kaifin ido, ba ya son surutu. Na riƙa faɗa a majalisa cewa bana Baba ladan zai huta, zamani ya zo. Da maganar ta kai kunnensa, abin da ya ce kawai shi ne Allah ya nuna mana lokacin.

Ranar ashirin da tara, da aka sha ruwa aka yi magariba a gurguje, muka hau saman wani gidan bene, mu kamar goma. Hadari ya yaye kaɗan a yamma, ya bar wani fili ja-ja-ja. Ladan ya tsaya ya sa hannu a goshi yana duba. Ni kuma na ɗora bututun a kan katanga, na tokare shi da tsumma don kada ya motsa, na sa ido. Nan take na gan shi. Siriri ne fari, kwance, ƙahonninsa biyu suna kallon sama. Don murna na ɗaga murya na ce ga wata. Aka yi caa a kaina. Na ce kada kowa ya taɓa bututun, a zo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara sunkuyawa wani Alhaji ne dillalin goro, mutumin da ko Asantawan kasuwa in ya yi magana ba sa neman shaida. Ya duba, ya ɗago yana kabbara, ya ce wallahi ya gani. Ladan bai zo wajen madubin ba. Ya ce shi idonsa bai ga komai ba, kuma a lissafinsa da wuya a gan shi yau. Wani ya yi dariya ya ce ido ma yana tsufa. Aka tura mutum ya sanar da liman cewa an sami shaidu biyu.

Mutane suka fara sauka. Na ɗauki bututun zan naɗe, sai na ce bari in ƙara kallo ɗaya don jin daɗi. Da na ɗaga shi ashe ya juya a hannuna. Watan yana nan, amma ƙahonninsa sun koma kallon ƙasa. Na juya bututun a hankali, watan ya bi shi yana juyawa. Na karkata shi kudu, inda ba ruwan wata da wurin, yana nan daram a gefen gilashi. Na gane abin da ya faru ba tare da kowa ya gaya mini ba. Ƙaron da na sa ne ya bushe ya ja baya daga gefe ɗaya, ya bar wani siririn layi mai lanƙwasa, hasken yamma na dukansa yana sheƙi. Watan da na nuna wa Alhaji ni na yi shi da hannuna a kan teburina.

A saman benen nan saura ni da ladan. Yana tsaye bai fasa duban yamma ba. Taku uku ne tsakanina da shi. Da na buɗe baki a lokacin, da magana ta ƙare a nan, a yi mini dariya kwana biyu a manta. Amma na tuna abin da na riƙa faɗa a majalisa, na tuna wanda ya ce ido yana tsufa, na ji ana kiran sunana daga ƙasa ana cewa liman na jira. Na naɗe bututun na cusa a aljihun riga na sauka.

Zauren liman ya cika. Aka zaunar da ni da Alhaji a gaba. Liman ya tambayi Alhaji, ya ba da shaida da zuciya ɗaya, domin shi abin da ya gani ya faɗa. Sannan ya juyo gare ni. Bai yi gaggawa ba. Ya tuna mini cewa azumin jama'a ne a bakina, in akwai ko ɗigon shakka in faɗa, cika talatin ba laifi ba ne. Ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Bututun yana aljihuna yana tokare mini haƙarƙari. Na ɗaga kai na ga idanun mutane, duk suna murmushi suna jira. Na ce na tabbata. Magana zarar bunu ce. Kafin in miƙe an fara buga ganga, mata sun hau guɗa a cikin gidaje.

Safiyar da aka kira ta Salla ita ce mafi muni a rayuwata. Aka kawo koko da ƙosai da masa. Mahaifina ya sa aka kira ni in zauna kusa da shi, abin da bai saba yi ba. Ya ce yau da idon ɗansa zai buɗe baki, Allah ya yi mini albarka. Ina kallo ya ɗaga ƙoƙon ya kai baki. Na san Ramadan ne, na san rana ta fito, na san wannan tsoho bai taɓa yin haka ba tun da yake. Hannuna ya motsa kamar zai riƙe nasa, sai na mayar da shi kan gwiwata. Ya sha, ya miƙo mini, ni ma na sha. A filin Idi mutane suna ta kama hannuna, wasu na cewa a nuna musu madubin, ina cewa na bar shi a gida. Muka ji labari cewa a unguwar Moshi Zango wasu ba su yarda ba, suna nan da azuminsu, aka yi ta zaginsu ana cewa taurin kai ne.

Da yamma sama ta washe tas. Wata ya fito, kowa ya gan shi da ido, siriri kamar zare, bai daɗe ba ya faɗi. Tsofaffi suka fara kallon juna, domin watan kwana biyu ba haka yake ba. Washegari gardama ta cika Zango. Alhaji ya tsaya tsayin daka a kasuwa, ya ce duk mai cewa ƙarya aka yi ya zo ya faɗa a gabansa, har ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa ya ga wata. Da na ji haka na shiga bayan shago na ɓuya. Ni na san rantsuwar nan a kan ƙarona aka yi ta.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ladan ya zo teburina. Ya yi sallama, ya ce ɗana, ba ni abin nan in gani. Ban iya cewa a'a ba. Ya ɗaga shi sama wajen da babu gajimare, ya duba, ya juya shi a hankali, ya sake juyawa. Ya daɗe yana yi. Sannan ya ajiye a gabana ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na so in ce yanzu, bakina ya ƙi. Na ce tun a saman bene. Ya ce ya ga lokacin da nake juya shi, ya ga fuskata, ya yi ta jira in yi magana, shi kuma ba shi da hujjar da zai ƙaryata shaidu biyu da zato. Bai zage ni ba. Ya ce shi ba zai kai maganar ko'ina ba, daga bakina ta fito, daga bakina za ta koma, kuma kowace rana da na ƙara ina jinkiri, baƙin fataken da suka yi Salla da mu suna barin gari.

Na je na gaya wa liman. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya ce in tashi. Na tashi a gaban masallaci cike, na faɗi komai, har da cewa na sani kafin in ba da shaida. Da na tsaya a kan cewa gilashi ne ya yaudare ni, da an tausaya mini, amma ladan yana zaune a sahun gaba. Hayaniya ta tashi a masallaci. Liman ya tsawatar, ya ce kowa ya rama azumin rana ɗaya, babu zunubi a kan wanda ya ci bisa shaida, nauyin yana kan wanda ya san gaskiya ya rufe. Ya ce daga yau ba a karɓar shaidata a kan komai. Alhaji ya tashi ya fita bai dube ni ba. Har ya koma ga Allah, in na yi masa sallama yana amsawa, domin wajibi ne, amma bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Mahaifina ya rama azuminsa ranar Asabar. Da aka kira magariba na kawo masa ruwa, ya ce in ajiye, ƙanwata za ta ba shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fataken da suka yi azumi a Zango suka ci Salla tare da mu. Motocin goro sun tashi da su tun washegarin Idi, wasu Arewa, wasu ƙasar Moshi, wasu inda ban sani ba. An aika saƙo ta bakin direbobi, amma wa ya san inda ya kai. Na tambayi liman ko in yi azumi a madadinsu, ya ce ba a yi wa mai rai azumi, in nemi gafara kawai. Ina nema har yau.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan madubin banza da ƙaro, amma ƙarya nake yi wa kaina. Kuskuren gyara kowane mai sana'a yana yi, kuma wanda ya faɗi abin da ya gani da gaskiya, kamar Alhaji, ba shi da abin kunya. Nawa laifin ya fara ne daga lokacin da na gane na yi shiru. Don haka ina jan kunnen masu sana'ar hannu, duk abin da ka gyara ka gwada shi a kan aikin da za a sa shi, kada ka gwada inda zai faranta maka rai kawai. Ina kuma jan kunnen duk wanda za a tambaya ko ya tabbata, a kan wata ne ko a kan wani abu daban. In ka ga kuskurenka, faɗe shi a inda kake tsaye, kada ka ce sai an watse. Ni kunyar tsoho ɗaya na guje wa a saman bene, na zo na sha ta a gaban masallaci guda, kuma duk da haka akwai bayin Allah da suka shiga kabari ba su san azuminsu na wannan shekara bai cika ba.