Na'urar da Ke Ɗakina

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin kwamfuta ne a Kusada, kullum sai ya hau babur daga Kankiya ya je ya dawo. Wata rana ya shigo da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, wai ya same ta da araha, ya ajiye ta a ɗakina don nan batirin sola yake. Ya yi ta jan waya yana bin bango har ɗakin yara.

Na ce, "Malam, ga biyu a gidan, wannan kuma ta mece ce?"

Ya ce, "Wannan ita ce mai unguwarsu. Duk wanda zai buɗe kwamfuta a gidan nan, sai ta tabbatar shi ne. Aikin kowa kuma a cikinta zai zauna."

Ya yi wa kowane yaro suna da lambar sirri. Babbar lambar, mai iko da sauran, ya riƙe a kansa. Ban tambaya ba. Wa zai kawo mutuwa a ransa?

Ina cikin takaba abin ya faru. Babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a kwaleji, duk rubutun bincikenta yana cikin na'urar nan. Ta zauna za ta buɗe tana kuka, ta yi ta kuskuren lamba har aka kulle ta. Ashe haka uban ya tsara, kuma shi kaɗai ke iya buɗewa. Ga ranar miƙa aiki ta matso.

Mai gyara da muka kira a waya ya ce a kai masa shago. Yayan maigidana, malami ne mai tsoron Allah, ya ce a'a.

"Kayan marayu ne. Ko tsinke ba ya fita kafin rabon gado."

Na ce, "Yaya Malam, ai ita ma marainiyar ce."

Ya ce, "To ya zo. Amma ba namijin da zai shiga ɗakin mai takaba."

Cire na'urar a fito da ita tsakar gida ma na ji tsoro, wayoyin sun yi yawa, ban san wadda za mu tsinka ba.

Haka mai gyara ya tsaya bakin taga daga tsakar gida, Yaya Malam na zaune a tabarma yana jan carbi. Mai gyaran ya miƙo filashi ta taga, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, 'yata ta soka. Ita tana karanta masa abin da ya fito, ni ina dannawa.

Mai gyara ya ce, "Hajiya, a hankali, ba daka ake ba!"

Har Yaya Malam sai da ya murmusa.

Kafin la'asar ta buɗe. 'Yata ta ga aikinta, ta kifa kai a cinyata. Sai mai gyara ya ce in zaɓi sabuwar babbar lamba, ya kuma tambaya ko a goge sunan marigayi daga cikin masu shiga.

Na kalli sunan a kan allo, yana sama da na 'ya'yansa. Na ce a bar shi.

Yaya Malam ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce yarinya ta kwashe aikinta da wuri, don ranar rabo na'urar ma za a yi mata kima, kuma bai san hannun wa za ta faɗa ba.