Karatun da Na Saurara Daga Madafa

Bana shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi 'yata ta fari. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, ko a jarida. A Abakpa Malama ake ce mata. Ni ban taɓa shiga aji ba, faɗa nake maƙwabciyata Rabi tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Aikin marigayiya karanta wa mutane littafi. Da safe tana makarantar ƙananan yara a Kawo, ta zauna a ƙasa cikinsu, ta yi kukan akuya, ta yi muryar tsoho, har su riƙe mata zane kada ta tashi. Ran Asabar bayan la'asar kuma tsofaffin unguwa ke cika mana tsakar gida. Su ba ta yi musu sauri. Takan dakata in Hajiya Talatu ta fara tari, ta jira su gama zagin mugun cikin labari, ta koma baya saboda mai nauyin kunne.

Ban taɓa zama a tabarmar nan ba. A tarbiyyarmu uwa ba ta zama gaban 'yar fari tana washe baki. Ina madafa ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. In an watse sai in ce, "Ke, surutun ya isa, a naɗe tabarmi." Ta ce, "To, Inna." Iyakar abin da ta samu daga gare ni ke nan.

Ciwon kwana huɗu ya ɗauke ta. Tun ranar abu ɗaya ke cin raina: ta tafi tana zaton uwarta ba ta taɓa jin ko shafi guda ba.

Da za ta leƙo yau, tsofaffinta saura biyu za ta tarar. Yaran kuma kowa ya duƙufa kan waya. An ce wayar ma tana karatu. Na ji ta. Ba ta jiran mai tari.

Watan jiya na ciro littafinta na ƙarshe daga akwati, na miƙa wa Rabi. Ta buɗe, ta ce, "Inna, akwai rubutun fensir a gefe."

"Karanta."

"Nan ta rubuta, a dakata za su yi dariya. Nan kuma, a maimaita wa Hajiya Talatu." Sai ta juya shafi, ta ƙura masa ido.

Na ce, "Bakinki ya mutu ne?"

Ta karanta, "A ɗaga murya a nan. Inna na son irin wurin nan, kuma madafa da nisa."

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Wannan fensirin ta bari, ni kuma ya ishe ni. Asabar ɗin da ta wuce na aika wa tsofaffin biyu, na shimfiɗa tabarmar da hannuna, na ba Rabi littafin ta karanta, na zauna a gaba.

Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta.